Wasiƙa zuwa ga aminina game da marigayi Abu Ali

Kaduna,
16 ga Janairu.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma sanyin ƙasar da kake bai takura muku ba. Mu ma nan hunturu ya kankama, amma da sauƙi.

Dalilin wannan takarda shi ne jiya aka yi ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda ka san ana yinta kowace 15 ga Janairu. Tun da asuba na iske maƙwabcina, tsohon sajen nan na sojan ƙafa da ka sani, zaune a kan tabarma a ƙofar gida yana goge lambobinsa da toka da lemon tsami, kakinsa da ya koɗe kuma yana rataye a jikin ƙyaure. Muna cikin gaisawa ya kawo zancen Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, sai na tuna cewa ka riga ka bar ƙasar lokacin da sunansa ya cika gari, kuma ka taɓa neman in ba ka labarinsa a tsanake.

A nan Kaduna aka horar da shi, a makarantar hafsoshin soja ta NDA. Mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali, ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi, daga baya ya zama Etsu na Bassa Nge a Jihar Kogi. Ka ga ɗan gata ne gaba da baya, kuma a ganina da ya nemi kujera a ofis mai sanyi da bai rasa wanda zai tsaya masa ba, amma a filin daga aka san shi.

A farkon Janairun 2015 Boko Haram ta ƙwace Baga, inda rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi take da sansani, aka kashe mutane masu yawa, sauran suka tsere ta ruwa da ta daji. Kai ma ka san yadda zukata suka karye a lokacin, har mutane suka fara jin nauyin ambaton soja. A watan Fabrairu aka ƙwato Monguno da Baga, kuma Abu Ali, yana Manjo, yana cikin waɗanda suka ja tankokin yaƙi a gaba. Da aka karɓe Gamboru Ngala a watan Satumba, Babban Hafsan Sojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, ya je har can ya liƙa masa aninin Laftanar Kanar tun lokacin ƙarin girmansa bai yi ba. Wannan ita ce karramawar da ta fi kwanta mini, domin an yi masa ita yana raye, a gaban yaransa, ƙurar yaƙi ba ta bar kakinsa ba.

Ya rasu a daren Juma'a, 4 ga Nuwamban 2016, yana da shekara 36, sa'ad da mayaƙan Boko Haram suka kai hari a Malam Fatori da ke Ƙaramar Hukumar Abadam, dab da iyakar Nijar. Shi ne kwamandan Bataliya ta 272 ta tankoki. Ranar Litinin, 7 ga wata, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja, inda Buratai ya kasa riƙe hawaye a bainar jama'a. A shekarar 2017, bayan sojoji sun shiga tsakiyar dajin Sambisa, aka sa wa filin koyon harbi da aka buɗe a can sunansa.

Saje ya ja hankalina ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce tanka ba ta tafiya ita kaɗai, dole sai da sojan ƙafa a gefenta da bayanta suna duba rami da ciyawa da bayan katanga, kuma abin da ya sa ƙananan sojoji suka so Abu Ali shi ne ba ya tura su inda shi bai shiga ba. Daga nan ya tambaye ni ko na san sunan mutum ɗaya daga cikin shidan da aka binne tare da shi a ranar. Wallahi na yi shiru, kunya ta kama ni, domin akwatuna bakwai aka jera, kowanne lulluɓe da tutar ƙasa, amma suna ɗaya na riƙe. Bai ga laifina ba, ya dai ci gaba da goge lambarsa, ya ce kowannensu ya bar uwa ko mata ko 'ya'ya a wani bariki.

Na yi niyyar in nemo sunayen shidan nan in rubuta su a takarda in kai masa kafin Juma'a, kuma zan aiko maka da su a wasiƙa ta gaba don ka sa su cikin addu'a. Allah Ya jiƙan Abu Ali, Ya ba iyalan dukkansu haƙuri.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Saje ma ya ce in isar maka da gaisuwarsa.

Naka amini,
daga Kaduna.