Ba lalaci ne ya hana mu fita zaɓen ƙananan hukumomi ba

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto ne a kan shirinku na siyasa na daren Laraba, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Baƙon nan naku da kuke ta kira Dakta ya buɗe baki ya ce wai talakan Arewa bai san darajar ƙuri'arsa ba, shi ya sa ranar zaɓen ƙananan hukumomi ake ganin rumfuna fayau. Har da 'yar dariyarsa. Mai gabatarwa kuma ya ƙyale shi ya wuce da maganar, ko uffan bai ce masa ba.

To ni ina cikin talakawan da ake wa wannan gori. Ranar zaɓen ciyamomi da kansiloli na ƙarshe da aka yi mana, tun da na dawo daga sallar asuba ban koma barci ba. Na sa katina a aljihu na nufi firamaren unguwarmu inda rumfarmu take. Na tarar da mutane sun riga ni. Akwai wata dattijuwa mai tuyar ƙosai da ta sauke kaskonta ta zo, ta shimfiɗa mayafi a gindin darbejiya tana jira da jikarta. Hantsi ya dubi ludayi, babu akwati, babu malamin zaɓe. Aka kira azahar, shiru. Sai wajen ƙarfe biyu ga wata a-kori-kura ta tsaya, samari biyu suka sauko da akwati ɗaya da takardun kansila. Na ciyaman fa? Wai suna hanya. Wakilin wata jam'iyya ya nemi a nuna masa takardar rubuta sakamako, aka ce masa a ofis za a cike. Kafin la'asar sun tattara sun tafi, tsohuwar nan ko tawada ba ta taɓa yatsanta ba, ga cinikin safe ya wuce ta. Bayan isha'i muka ji an karanto sakamako, a tasharku ma kuwa, ƙuri'u dubu-dubu. Daga ina suka fito? Wannan matar ce Dakta yake cewa ba ta san darajar ƙuri'a ba?

Kada a ce ɗan adawa ne ke kuka, bari in faɗi abin da kowa ya sani. A Kano, a 2021 lokacin Ganduje, APC ce ta lashe kujerun ciyaman 44 duka. A watan Oktoban 2024, bayan gwamnati ta koma hannun Abba Kabir Yusuf, sai NNPP ta lashe 44 ɗin duka da kansiloli 484. Mutanen Kano ne suka juye gaba ɗaya, har babu mazaɓa ko guda da ta saɓa? A watan Oktoban 2024 ɗin dai APC ta kwashe ƙananan hukumomi 23 na Kaduna. A Bauchi PDP ta kwashe 20 nata. A Katsina a 2025 APC ta ɗauke 34. Jam'iyya ta bambanta, sakamako iri ɗaya. Duk wanda ke gidan gwamnati shi ke cin komai.

Kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwamna ne ke naɗa shugaban hukumar zaɓe ta jiha da kwamishinoninta, majalisar jiha ta ce amin, kuɗin aikin ma daga hannun gwamnatin jiha yake fitowa. An bai wa kura ajiyar nama, sannan ana tambayar mu me ya sa ba ma zuwa rabo. Ga tsadar fom. A Kano da farko naira miliyan 10 aka yanka wa mai neman ciyaman, miliyan 5 ga kansila, har sai da magana ta kai kotu. Wane malamin makaranta ko ɗan kasuwar unguwa ne zai iya wannan in ba da ubangida ba?

Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina ɗora kantomomi, mun yi murna. Ashe gwamnoni sun riga mu lissafi. Sai aka shiga rige-rigen shirya zaɓe, a kawo yaran gida, a canza musu suna daga kantoma zuwa zaɓaɓɓe.

In ana son gyara, an ga alamarsa. Da Kaduna ta yi amfani da na'urar zaɓe a 2018, 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. A Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen, a 2022 PDP ta ci uku, APC ta ci uku. Ba wai na wanke INEC ba ne, mu ma mun ga yadda aka yi da zaɓen gwamnan Kano na 2019 da aka ce bai kammala ba. Amma aƙalla can mutum yakan kwana bai san wanda zai ci ba.

Don haka ina roƙonku, in za ku sake wannan shiri, ku gayyato shugaban hukumar zaɓe ta jiha, ku tambaye shi sakamakon rumfa-rumfa, ya karanto mana. Ku kuma buɗe layin waya da wuri. Ranar Laraba saura minti kaɗan a tashi kuka fara ɗaukar kira, wanda ya samu shiga ma gaisuwa ya tsaya yi wa ubangidansa.

Sai kuma maganar tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa daidai lokacin cin abincin dare. Don Allah ku duba. Mutum yana zaune da 'ya'yansa da surukarsa, sai a fara zayyano abin da kunne ba ya so, dole ka yi wuf ka kashe rediyo. In ba za a daina ba, a mayar da shi ƙarfe sha ɗaya na dare.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraro a kullum, malamin firamare mai ritaya