Rahoton Sakatare ga Mambobi Kan Ayyukan Shekara: Taswira, Kamfas da Kuɗin Wata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen wannan ƙungiya tamu ta masu koyon taswira da kamfas, 'yan kwamiti, da sauran 'yan'uwa maza da mata. Bara na fara rahoto da godiya, na ajiye maganar kuɗi sai ƙarshe, lokacin rabin zauren ya riga ya fita neman Keke Napep. Bana da ita zan fara, kowa na zaune.

Waɗanda suka biya kuɗin wata na watanni 12 cif ba su kai kashi ɗaya cikin uku na sunayen da ke rajista ba. Ma'aji zai karanta lissafin dalla-dalla bayana, ni abin da na sani shi ne yawon da na sha. Na je Rigasa, na je Kawo, na tsallaka gada na je Barnawa, duk da man babur ɗina. Amsar ɗaya ce: "Sakatare, yanzu-yanzu zan tura maka." Har yau alat bai shigo ba. Na san halin da ake ciki, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa aljihunsa yake dafewa. Amma kuɗin watanmu bai kai abin da yawancinmu ke sa wa waya na data a mako guda ba, kuma ina ganin masu bashin nan kullum a zauren WhatsApp suna turo bidiyo. Duk abin da za ku ji ba a gama ba a cikin rahoton nan, daga nan ya samo asali.

Taron wata-wata an yi shi kamar yadda aka saba, ban da na azumi da wanda ruwan Agusta ya hana.

Alkawarin da muka ɗauka na cewa kowane mai koyo zai riƙe kamfas, wato na'urar da allurarta ke nuna arewa, a hannunsa bai cika ba. Huɗu ne da mu masu lafiya, na biyar iska ta shiga ruwansa, allurar tana rawa. An ce me ya sa ban sayo na kasuwa masu araha ba. Na sayo ɗaya da kuɗina don gwaji, na kawo taro, kowa ya ga yadda allurarsa take maƙalewa. Wanda muke buƙata shi ne mai faranti na roba da ake hangen taswira ta cikinsa, mai zobe mai juyawa da aka raba digiri 360, da rula a gefe. Irin wannan ba a samunsa da canjin aljihu. Masu cewa ai kowace waya tana da kamfas, su yi haƙuri su kai ga labarin fitarmu Dutsen Kufena da ke tafe.

Taswirar Kaduna ma ba ta fito ba, kuma a nan ne aka fi yi mini gori, don haka bari in yi bayani. Abin da ke hannunmu kwafi ne na tsohuwar taswirar gwamnatin tarayya mai ma'aunin 1:50,000, falle na 123, wadda santimita 2 a kanta yake daidai da kilomita 1 a ƙasa. Aiki ne mai kyau ƙwarai, tudu da kwari da Kogin Kaduna duk suna nan inda aka zana su. Sai dai garin da ke cikinta ba shi ne wanda muke ciki ba. Babu Millennium City, babu tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da aka buɗe a 2016, wuraren da yanzu gidaje ne maƙil daji ne a takardar. Na je wani ofishi sau uku neman sabuwa, kullum mai makullin ɗakin baya nan. Shi ya sa muka yanke mu haɗa tamu da manhajar QGIS, wadda kyauta ce, mu ɗauko hanyoyi daga OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, mu fitar da layukan tsayi, masu nuna tudu da kwari, daga bayanan tsayin ƙasa na SRTM da kumbon Amurka ya auna a shekarar 2000. Matasanmu biyu sun gama aikin tun kafin damina ta ɗauke. Tana nan kwance a kwamfuta. Kuɗin bugawa a babbar takarda mai launi ne babu, ba ƙwazo ba.

Horon ɗaliban sakandare bai yiwu ba. Makarantar da muka shirya da ita ta ɗaga ranar sau biyu, a karo na uku kuma mu ne muka ji kunyar zuwa gaban aji guda da kamfas huɗu. Tafiyar Kajuru kwamiti ne ya soke ta saboda yanayin tsaro, kuma ko gobe aka sake tambayata haka zan ce. Wanda ya kira wannan tsoro, ba shi zai je ya yi wa iyayen yara bayani ba.

Yanzu ga abin da ya wanke mana zuciya, wato fitar da muka yi Dutsen Kufena da ke Zariya bayan an gama girbi.

Mun zaɓi lokacin ne da gangan. Ciyawa ta fara kwanciya, hazon hunturu bai riga ya sauko ba, domin idan ya sauko ko dutsen da ke gabanka ba ka gani, balle ka ɗauki saitinsa, wato digirin da yake daga arewa a kamfas. Bas ɗaya ta ɗauke mu bayan asuba, kafin rana ta yi zafi muna gindin dutsen ta wajen Wusasa. Tun mako guda kafin nan 'yan kwamiti suka je suka gaida masu unguwa, suka nemi izinin masu gonaki, suka kafa tutoci biyar. Taswirar wurin ita kaɗai muka iya bugawa, kuma wata 'yar'uwa ce ta biya daga aljihunta, ta ce kada a faɗi sunanta. Allah Ya saka mata.

Abu na farko, aka tara wayoyin kowa cikin jaka guda, Shugaba ya rataya. An yi gunaguni. Aka raba mutane rukuni huɗu, gwargwadon kamfas ɗinmu, kowane rukuni da taswira da lambobi shida-shida na inda tutocin suke. Baba Safiyo, dattijon da ke koyar da mu, ya maimaita karatun da ya sha yi mana: taswirar kamar gidajen dara take, kowane gida kilomita 1 ne ta kowace fuska, kuma lambar gabas ake fara karantawa kafin ta arewa. Idan aka ba ka 526 254, sai ka nemi layi na 52 ka matsa kashi 6 cikin 10 zuwa gabas, sannan layi na 25 ka haura kashi 4 zuwa arewa. Lamba shida ba ta kai ka kan tutar, tana kai ka cikin fili ne mai faɗin mita 100, sauran aikin na ido ne. Ya kuma tuna mana cewa a tsarin UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya don ba kowane wuri lamba, Kaduna da Zariya duk suna shiyya ta 32P, wadda ta kama daga digiri 6 zuwa 12 na gabas.

Rukuni na farko sun juya lambobin, suka fara da arewa, lissafi ya fitar da su daga takardar gaba ɗaya. Na biyu suka ɗora taswira da kamfas a kan murfin injin bas don su ji daɗin awo. Ƙarfe ya ja allura, suka miƙe suka nufi wata gonar rogo da ƙarfin gwiwa. Baba yana kallonsu bai ce uffan ba sai da suka dawo da gumi, sannan ya ce: "'Ya'yana, kamfas ba ya shiri da mota, da babur, da kwanon rufi, da wayar wutar lantarki. Ku ja baya ku sake."

Rukunin da ya yi nasara na matan nan ne da wasu suka so a raba su cikin maza wai don kada su ɓata. Kafin su tashi sai da kowacce ta auna takunta a igiyar mita 100 da muka shimfiɗa, ana ƙirga duk saukar ƙafar hagu. Yawancin mutane kan samu tsakanin 60 da 70. Shugabarsu ta ciro carbi, duk mita 100 ta ja ƙwaya ɗaya. Da suka iso wani dutse da ba ya hawuwa, ba su yi ta kame-kame ba: suka karya digiri 90, suka ƙirga taku, suka wuce shi, suka rama takun suka koma kan layinsu. A dawowa suka cire 180 daga saitin da suka tafi da shi, sai ga su a gindin bishiyar da suka tashi. Tutoci biyar, babu waya, babu tambayar kowa. Na san ana cewa matambayi ba ya ɓata, to ranar ba mu bar kowa ya yi tambaya ba.

Bayan haka aka mayar wa kowa wayarsa, aka shiga kashi na biyu, don ba gaba muke da GPS ba, wato tsarin da waya ke gane wurin da take. Da yawa sun yi mamaki da aka sa su kashe data, aka ga lambobin wuri suna fitowa. Waya ba daga kamfanin layi take samun wurin da take ba, daga taurarin ɗan'adam ne da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, kuma sai ta ji aƙalla huɗu kafin ta faɗi inda kake da tsayinka. Wayoyin yanzu har na Rasha da na Turai da na Sin suke saurare, ba na Amurka kaɗai ba. Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar, wanda ya kamata mutum ya sauke tun yana gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum uku wayarsu ta mutu kafin la'asar, ciki har da wanda ya fi kowa cewa kamfas kayan tarihi ne. Ban faɗi suna ba.

Darasin da ya fi tsaya mini shi ne na tushen awo, wato mafarin da ake lissafa lambobin wuri daga kansa. Baba ya zo da tsohon falle na 102, na Zariya. Wani ɗan'uwa ya karanto digiri da minti na wata mahaɗar hanya daga gefen takardar, ya zuba a waya, waya ta tsayar da shi nesa da mahaɗar da kusan tsawon filin ƙwallo. Ya ce taswirar ce ta yi ƙarya. Ba ta yi ba. Tsofaffin taswirorinmu a kan tushen awo na Minna aka gina su, waya kuwa da tushen awo na duniya mai suna WGS 84 take aiki, kuma a yankinmu tazarar da ke tsakaninsu takan kai wajen mita 80. Haka layukan tsayi na tsohon fallen da ƙafa aka rubuta su, ƙafa 50 tsakanin layi da layi, wato kamar mita 15. Wanda ya ɗauka mita ne zai zaci Kufena ya ninka tsayinsa sau uku. Bambancin arewar allura da arewa ta gaskiya da aka rubuta a ƙasan takardar shi ma ya tsufa, domin yana sauyawa da shekaru, yanzu a nan bai kai digiri 2 ba.

Da azahar ta yi, da kamfas muka fitar da alƙibla, wajen digiri 67 daga arewa. Wasu sai a ranar suka san cewa ba gabas sak take ba, ta karkata arewa sosai. Aka yi salla, aka ci ƙosai da kunun zaƙi da matan kwamiti suka kawo, muka shigo Kaduna kafin magariba ba wanda ko ƙaya ta soka. Godiya ta musamman ga Baba Safiyo da ya yini a tsaye da shekarunsa, da direbanmu da ya rage mana kuɗin mota.

Sai wani abu da ya dame ni. Tun da hotunan Kufena suka fita, mambobin da ba mu gani ba tun taron bara suka fara kirana, ba don su biya bashi ba, wai in turo yaro ya ɗaukar musu kodinet, wato lambobin wuri, na filayensu. Ba ma yi, kuma kwamiti ya hana kowa yi da sunan ƙungiya. Waya a fili tsararre takan yi kuskuren kusan mita 5, a kusa da gini ko bishiya ya fi haka. Fili mai ƙafa 50 da 100 faɗinsa mita 15 ne kacal. Ku lissafa da kanku, kashi ɗaya cikin uku na faɗin ke nan, rigimar da za ta kai jikoki kotu. Awon iyaka aikin safiyo ne mai rajista da SURCON, hukumar safiyoyi ta ƙasa, takardun fili kuma a jihar nan hukumar filaye ta KADGIS ake zuwa. Mu abin da muke koyarwa shi ne mutum ya san inda yake, ya kai kansa inda za shi, ya dawo.

Abin da kwamiti ke nema wannan taro ya yanke a yau guda uku ne. A amince duk wanda bashinsa ya wuce wata shida a dakatar da shi daga fita har ya biya. A ware kuɗin farko da ya shigo don buga taswirar Kaduna, kafin shayi da lemon taro. Sannan a naɗa mutum biyu, ɗaya a arewacin kogi ɗaya a kudanci, su karɓi aikin bin kuɗin wata, domin ni dai na gaji, kuma kundin tsarinmu bai ce aikin sakatare ba ne. Fitar dare da ake ta roƙo, don koyon tafiya da tauraron arewa, tana jiran watan da sama ta washe, tunda a Kaduna bai fi digiri 10 da 'yan kai yake ɗagowa daga ƙasa ba, ƙura kaɗan take rufe shi.

Wanda ya tafi da kamfas mai jan igiya ranar Kufena ya dawo da shi kafin taro mai zuwa. Uku suka rage a akwati. Ma'aji yana bakin ƙofa da rasit.

Wassalam.

Sakatare