Rahoton Kwamitin Ayyuka Kan Gina Kwalbati da Gyaran Hanyar da Ta Haɗa Ƙauyukanmu da Babban Titi

Shugaba, iyayenmu dattawa, da 'yan uwa maza da mata na wannan ƙungiya ta raya karkara, kwamitin da babban taro ya ɗora wa nauyin gina kwalbati a mashigin rafi da gyaran hanyar da ta haɗa ƙauyukanmu da babban titi yana gabatar muku da rahotonsa. Da gangan muka jinkirta shi har damina guda ta wuce a kan aikin, domin ba a yabon hanyar ƙasa da rani, sai ruwa ya gwada ta.

Kowa a nan ya san halin da muka shafe shekaru a ciki. Da zarar ruwa ya kankama, rafin yakan yanke mu daga titi, motocin kaya su daina shigowa, taki ya maƙale a can ƙetare daidai lokacin da shuka take buƙatarsa. Manomin da ya samu amfani mai kyau ba shi da zaɓi sai ya sayar wa ɗan kasuwa ɗaya tilo da ya jure wahalar shigowa, kuma shi wannan ɗan kasuwa ne yake yanka farashin da ya ga dama. A cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 akwai ma'aunin da ake duba yawan mutanen karkara da ke zaune cikin tazarar kilomita 2 daga hanyar da ake iya bi a kowane lokaci na shekara. A bisa wannan ma'auni, hanyar da take mutuwa duk damina ba ta shiga lissafi, ko da kuwa ta ratsa ta ƙofar gidan mutum. Wannan shi ne matsayin tamu kafin aikin.

Kafin a haƙa ko rami guda, mun zagaya wurin tare da injiniyan da ya ba mu shawara, muka kuma nemi dattawan da suka daɗe suna noma a bakin rafin su nuna mana iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a ambaliya mafi girma da suka gani. Shaidarsu ce ta bayyana mana dalilin rushewar tsohuwar kwalbatin. Bututu ɗaya ne ƙarami aka binne, ba a yi masa bangayen gefe ba, ba a yi masa daɓe a mafita ba, saboda haka itace da yayi suka toshe bakinsa, ruwa ya haye ta sama ya kwashe ƙasar da ke kansa. Kwamiti ya yanke shawarar a gina kwalbati ta kankare mai baki biyu, mai faɗin da mutum zai iya shiga ya yashe ta. Mun san wasu 'yan uwa sun fi so a kashe kuɗin wajen zuba marmara daga farkon hanya zuwa ƙarshenta don a ga aiki ya fito fili, kuma mun saurari hujjarsu da girmamawa. Sai dai ra'ayinmu shi ne marmarar da aka zuba a hanyar da ba ta da mafitar ruwa rafi aka yi wa tanadinta, don haka muka ba ruwa hanyarsa tukuna kafin mu ba mota tata.

A wajen kwaɓa kankare mun tsaya a kan awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma mun sa ɗan kwamiti ya tsaya a wurin kwaɓi kullum yana ƙirga kwano, domin a nan ne aka fi samun ha'inci a aikin gini. An ɗaure rodi yadda injiniya ya zana, an sa 'yan ƙananan tubalan siminti tsakaninsa da katako don kankare ya lulluɓe shi sosai, kada danshi ya riske shi ya yi tsatsa. Mun gamu da matsala ɗaya da ya wajaba mu faɗa muku. Tifar yashi ta farko da aka kawo mana cike take da laka. Babban magini ya zuba kaɗan a kwalba, ya ƙara ruwa, ya girgiza, ya ajiye. Da ya kwanta sai ga laka ta yi kauri a saman yashin. Laka tana hana siminti kama yashi, saboda haka muka mayar da kayan, abin da ya jawo mana asarar kwanaki da kuma ɓacin ran wanda ya kawo, amma ba mu yi nadama ba.

Bayan an zuba rufin kwalbatin, an lulluɓe shi da buhunan da aka jiƙa, ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, sannan aka hana mota hawa har ya cika kwana 28, wanda shi ne lokacin da ake ɗauka kankare ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Direbobi sun yi ƙorafi, wasu ma sun nemi a buɗe musu da dare, amma matasan da muka sa gadi ba su sassauta ba, kuma kwamiti yana yaba musu.

Ita kuwa hanyar, an tayar da tsakiyarta ta yadda za ta gangara zuwa gefe da kimanin santimita 5 a kowace mita, don ruwan sama ya sauka nan da nan kada ya kwanta a sawun taya. An haƙa magudanai a gefe biyu, an fitar musu da rassa da ke karkatar da ruwa zuwa fili, kuma a gangare an jera duwatsu a cikinsu don rage gudun ruwa. Marmara an zuba ta ne a wuraren da ƙasa ke da taushi kawai, hawa-hawa, ana yayyafa ruwa ana dannewa da rola kafin a ƙara wani hawan. A gaɓar rafi an dasa jema, ciyawar da saiwarta ke nutsewa can ƙasa ta riƙe gaɓa.

In ban da rola da tifa da muka ɗauko haya, duk aikin da diga da shebur da baro aka yi shi. Wannan tsari ne da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta daɗe tana ƙarfafawa a ayyukan hanyoyin karkara, kuma mun ga amfaninsa da idonmu, domin ladan aikin a aljihun mutanenmu ya tsaya a lokacin rani da babu aikin gona. Mata sun shiga aikin an biya su daidai da maza, kuma wasu matasa sun fita da sana'ar ɗaurin rodi da haɗa katako. Kuɗin aikin ya fito ne daga karo-karon 'yan ƙungiya da gudummawar 'yan uwanmu mazauna birane, sai tallafin kayan aiki daga hukuma. Ma'aji ya miƙa littafin shiga da fita tare da dukkan rasit ga masu binciken kuɗi, kuma duk ɗan ƙungiyar da ke son dubawa yana da haƙƙin yin haka.

A daminar da ta wuce hanyar ba ta yanke ba. Masu sayen amfanin gona sun shigo da yawa har suna gasa da juna, kuma an fita da masu naƙuda zuwa asibiti a mota cikin dare ana ruwa. Duk da haka akwai kuskuren da muke ɗauka a kanmu: daɓen da muka yi a mafitar kwalbatin ya yi gajarta, ruwa ya fara ƙwaƙule ƙasa a ƙarshensa. Mun tsawaita shi da manyan duwatsu da aka kama da siminti, kuma ya kamata a sake duba wurin bayan ruwan farko na baɗi.

Abin da ya rage shi ne kula, kuma wa'adin wannan kwamiti ya ƙare. Muna roƙon babban taro ya raba hanyar kashi-kashi, ya damƙa kowane kashi ga mutum guda da ke zaune kusa da shi, wanda za a riƙa ba shi ɗan alawus don yashe magudanai da cike ramuka tun suna ƙanana. Muna kuma roƙon a buɗe asusu na musamman don wannan hidima, a kuma tsayar da ranar da za a yashe bakin kwalbatin kafin saukar ruwa. Kayan aikin da suka rage suna hannun sakatare tare da takardar adadinsu, har zuwa lokacin da taro zai naɗa waɗanda za su karɓa.