Wasiƙar Maulidi daga bakin kogin Snohomish

Everett, Jihar Washinton, Amurka
12 ga Rabi'ul Awwal 1447, 5 ga Satumba 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Baba da Inna, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, barkanmu da zagayowar ranar haihuwar Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Allah ya maimaita mana, ya sa mu cikin cetonsa. Ni yanzu na idar da sallar asuba, ku kuwa na san kun sauko daga Juma'a, don awa 8 ne tsakaninmu. Ina jin kamar in ga ƙofar gidanmu a Yawuri yau, yara cikin sababbin kaya, 'yan Islamiyya suna zagaya gari da yabo, Inna tana rabon abinci gida-gida. Mu nan sai bayan isha'i za mu taru a gidan wani ɗan'uwa mu yi karatu da salati. Surukarku ta jiƙa shinkafar waina tun jiya, kuma miyar da za a ci da ita ta kifi ce, kifin da jikanku ya kama da hannunsa. Labarin da na zauna in ba Baba ke nan.

Ranar Asabar da ta wuce wani dattijo da muke aiki tare ya ɗauke mu a jirginsa, ni da mai sunan Baba, muka shiga kogin Snohomish. Jirgin na gorar ruwa ne, mai ƙaramin inji, bai kai tsawon kwalekwalenmu ba amma ya fi shi faɗi. Kogin kansa gajere ne, bai wuce kilomita 30 da 'yan kai ba daga inda rafuka biyu, Skykomish da Snoqualmie, suka haɗu suka haife shi, zuwa inda ya faɗa ruwan gishiri a nan Everett. Kusa da Kwara ɗan yaro ne. Sai dai yana da wani hali da ban taɓa gani a gida ba: teku tana turo shi. Sau biyu a yini ruwa yana cika ya koma, har wani lokaci ka ga ƙaiƙayi yana tafiya baya, yana hawa inda ya fito. Da wannan cikowar kifin yake shigowa, saboda haka masunta a nan jadawalin cikar teku suke dubawa kafin su fito.

Kifin daga dangin samon yake, shi ne ƙaraminsu, yawanci kilo 1 da rabi zuwa 2 da rabi. Namansa ruwan hoda ne. Mutanen nan suna ce masa hampi, wato mai tozo, domin idan namijin ya shigo ruwan daɗi sai bayansa ya tashi kamar tozon sa, bakinsa ya lanƙwashe, haƙora su fito. A teku fari ne tas, yana ƙyalli kamar azurfa. Kwana kaɗan a kogi sai bayan ya rine ya yi duhu, cikin ya rage fari. Da ɗigo-ɗigon baƙi manya da ke wutsiyarsa ake gane shi.

Baba, abin da ya tsaya mini a rai shi ne alƙawarinsa. Shekara 2 cif ne duk rayuwar wannan kifi, ba ƙari ba ragi. Macen tana haƙa rami da wutsiya cikin tsakuwar kogi, ta zuba ƙwai tsakanin 1,000 da 2,000, namiji ya bi, ta rufe. Ba da daɗewa ba dukkansu su mutu, gaggafa da sauran namun daji su ci, abin da ya rage ya zama taki a bakin ruwa. Ƙwan ya kwana cikin tsakuwa duk tsawon hunturu. Da sanyi ya fara sauka 'ya'yan suke fitowa, ba su kai ɗan yatsa ba, kuma ba sa zama, kai tsaye suke gangarawa teku. Su yi kamar wata 18 a Tekun Fasifik, sannan su juyo. A kogunan wannan yanki a shekarun mara suke zuwa da yawa: 2021, 2023, bana, sai kuma 2027. Baɗi duk wanda ya zo nemansu zai samu kogin kusan shiru. Hukumar kifi da namun daji ta jihar ta yi hasashen sama da miliyan 7 za su dawo wannan yanki bana, kuma da idona na ga alama. Ruwan yana ta motsi, nan wani ya yi tsalle, can wani ya juya bayansa, kamar ana tafasa tukunya.

Da fatsa ake kama shi, amma ba tana, ba ƙullin dawo. Daga ya shigo kogi ya daina cin abinci. Abin da ake jefa masa ɗan dunƙulen darma ne da aka yi wa fenti ruwan hoda, da 'yar jela ta roba ko gashin tsuntsu, ƙugiya a ɓoye ciki. Ka jefa, ka bari ya nutse, ka fizgo sandar sama kaɗan, ka sake shi ya faɗi. A wannan faɗuwar yake kai cafka, don haushi ko don tsohon hali. Dattijon ya saki anka a gefen wani gurbi, muka yi kusan awa ɗaya ba ko taɓawa, alhali jiragen da ke ƙasa da mu suna ta ɗagowa. Na zauna ina kallon ruwa yadda kuka koya mini, sai na ga layin da ruwa mai gudu yake gogar ruwa mai kwanciya, kumfa tana bin sa, ƙarƙashin wani kututture da ya faɗo. Na tuna maganarku cewa kifin da ke tafiya ba ya son faɗa da igiya, gefenta yake bi. Na roƙi dattijon ya matsar da mu tsawon jirgi biyu. Jifa ta uku sandar yaron ta lanƙwashe.

Inna, da kin ga fuskarsa. Shekararsa 9, bai taɓa jin abu mai rai yana ja daga cikin ruwa ba. Kifin ya yi ƙasa, ya yi gefe, ya nemi shiga ƙarƙashin jirgi. Na riƙe shi ta bayan riga ina cewa kada ya saki zare ya yi sako-sako, kada kuma ya ja da ƙarfi, don bakin kifin ba shi da ƙwari. Sai da aka sa koma aka ɗago na lura da Hausa nake ta yi masa magana, da irin kalmominku, kuma bai tambaye ni ma'anar ko ɗaya ba. Mace ce, fara, sabuwar shigowa daga teku. Ya yi bisimilla kafin ya taɓa ta. Dattijon ya tambaye ni inda na koyi karatun ruwa, na ce masa ubana Basarke ne, kakana ma haka, a ruwa aka haife mu. Na faɗa da alfahari, Baba.

Kafin a sake jefa ƙugiya sai da yaron ya ɗauki biro ya rubuta kifinsa a kati. Haka dokar take. Babba sai da lasisi, kuma kowa, har yaro, yana da katin da zai rubuta duk samon ɗin da ya riƙe, da rana da wuri, nan take. Ƙarshen shekara a mayar wa hukuma. Akwai adadin da ba a wucewa a yini, kuma wanda ya kama da fatsa ba shi da ikon sayarwa. Ƙugiya sai wadda aka danne wa ƙayar baya, don idan ka kamo wanda aka hana ka iya sakinsa ba tare da ka yaga shi ba. Babban yayansu, wanda ake kira Chinook, tun 1999 yake cikin jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu a nan, shi ko daga ruwa ba a fitar da shi. Kifin da ƙugiya ta soka a baya ko a wutsiya shi ma sai a mayar. Duk wannan don a bar isassu su wuce sama su yi ƙwai.

Ina rubuta katin ina tuna daren da kuka dawo daga kasuwa kuna faɗa a kan masu jan taru mai ƙananan idanu, har da masu sa gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai farce ba. Kun ce wanda ya ci iri ba shi da bakin kuka ranar girbi. A lokacin ban gane zafin da kuke ji ba. Na san ba a haɗa mai su don nishaɗi da wanda idan bai kama ba gidansa ba a ɗora tukunya, kuma ba zan zauna a nan in ga laifin talakan Kwara ba. Amma giwan ruwan da kuke ba mu labari, wanda sai mutum biyu suke ɗauka, yaushe rabon da a ga irinsa a Yawuri?

Su ma nan ba da lalama aka kai ga haka ba. 'Yan asalin ƙasar, irin su ƙabilun Tulalip da ke arewa da mu kaɗan, sun ba da ƙasarsu a yarjejeniyar 1855 bisa sharaɗin za su ci gaba da kamun kifi a wuraren kakanninsu. Daga baya aka riƙa kama su ana ƙwace musu komaye. Wani mutuminsu daga ƙabilar Nisqually, Billy Frank, an kama shi fiye da sau 50 a kan kamun kifi. Sai a 1974 alƙali George Boldt ya yanke cewa rabin kifin da ya halatta a kama nasu ne. Yau da su ake zama a tsara kamun kifi na kowace shekara. Na ji su a jikina, don masunta ne 'ya'yan masunta.

Biyar muka dawo da su mu uku. Namansa ba ya jure zafi, saboda haka daga kamawa ake yanke masa maƙoshi jini ya fita, a binne shi cikin ƙanƙara. Biyu na yi musu banda a bayan gida, da gishiri da yaji da ɗan citta, a kan itacen da mutanen nan suke kira alda. Ƙamshin ya yi daɗi, amma bai kamo bandar Inna ba. A baki ya fi karfasa maiƙo, bai kai tarwaɗa ba, ƙaya kuma kaɗan ce.

Sai roƙona. A nan doka ce yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ba ya hawa ƙaramin jirgi sai da rigar kariya a jikinsa, dattijon ma da furfurarsa bai cire tasa ba har muka sauka. Duk damina idan na ji labarin kifewar jirgi a Kebbi ko Neja, ba na samun barci sai na ji muryarku. Cikin kuɗin da na turo wa Yaya jiya na ware na riguna 6. Don Allah, Baba, ku sa baki Auta da yaransa su riƙa sawa, musamman ranar kasuwa da jirgi yake cika. Na san zai ce Basarke ba ya nutsewa. Ku kaɗai zai ji wa.

Ragowar kuɗin na hidimar Maulidi ne da maganin Inna, a kuma ba Gwaggo nata. A gaishe mini da Kawu da iyalinsa, da Malam, da duk mutanen bakin ruwa. Surukarku tana gaishe ku, ta ce Inna ta sa a aiko mata da daddawa da kuka idan an samu mai zuwa. Hoton yaron da kifinsa yana wayar Yaya. Ya ce in roƙi Baba ku yi masa saƙon murya, ku faɗa masa sunayen kifayen Kwara ɗaya bayan ɗaya, yana so ya haddace kafin mu zo hutun makaranta baɗi in Allah ya yarda.

Ku sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku