Maganar masaukin baƙin da kake son ginawa

Assalamu alaikum mutumina,

Ya iyali, ya sanyin can? Shirunka ya yi yawa, har Hajiya ta fara tambaya ko mun ɓata ne. Sai ga ƙanenka da labarin wai za ka turo kuɗi a gina masaukin baƙi a filinka na hanyar Kaduna zuwa Kachia, saboda masu zuwa Kajuru. Kai da ko shimfiɗarka ba ka gyarawa a makaranta, yau kai ne mai otal! To tsaya ka ji yadda harkar take kafin ka saki ko sisi.

Abin kallo kam muna da shi. Ga ginin dutsen Kajuru da wani Bajamushe ya yi, ga ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, ga bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, ga Hawan Daushe a Zariya. Abin da ke karya mutane shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da ƙura ta lafa da ranar da baƙo ya sake yarda ya zo. A watan Oktoba na 2018 rikicin Kasuwan Magani ya jawo dokar hana fita har cikin garin Kaduna, kuma Kasuwan Magani a kan hanyar filinka take. A Afrilun 2019 'yan bindiga suka shiga Kajuru ɗin kanta, aka kashe mutum biyu, ɗaya Baturiya. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, sai Disamba jirgi ya dawo tashar Rigasa. A Agustan 2024 zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe, aka sa dokar awa 24 a Kaduna da Zariya. An sassauta ta cikin 'yan kwanaki, amma ofisoshin jakadanci ba sa sauya gargaɗin da suke yi wa mutanensu da wannan saurin. Muddin gargaɗin na nan, kamfanin inshora ba ya tsaya wa matafiyi, ƙungiyoyi kuma su mayar da tarukansu Abuja. Su ne fa masu kama ɗaki goma ko ashirin a lokaci guda.

Yanzu dubi cikin gidan. Janareta dole ne a zuba masa mai, ko ɗaki uku ke da mutane ko ashirin. Mai gadi da mai shara sai an biya su. Naman da ke firiza da kayan miya suna lalacewa idan wuta ta yanke ba hanyar sayo dizal. Waɗanda suka ba da kafin alƙalami na ɗakin biki za su bugo waya su ce a mayar musu, alhali an riga an kashe kuɗin. Daga nan sai a fara sallamar 'yan aikin yini, masu wanki da guga da yaran kicin, kuma su ne ba su da komai a ajiye.

Na waje ma sun fi ba ni tausayi. Mai tsire da safe yake ɗaukar nama bashi a wurin mahauci. Idan aka yi shelar doka da rana, naman ya tafi, bashin yana wuyansa. Mai keke Napep da ke biyan balans kullum, kwana uku a gida ya isa ya tsinka masa adashi. Ka kuma tuna masu doki. Da 'yan sanda suka hana hawan Babbar Sallah a Kano a 2024 saboda rikicin sarauta, dukawa da masu ɗinkin kayan doki sun riga sun zuba jarinsu a fata da zare, dokin kuma dusa da harawa bai fasa ci ba. Abin da ya sa gabana ke faɗuwa ke nan duk lokacin da siyasa ta fara zafi gab da Sallah, domin iyalai da yawa a Zariya da wannan makon suke lissafin shekara.

Af, ka ji ɗan Baba na kusurwa ya yi aure? An ce sai da aka aika maka kati sau biyu. Inna ta ce goronka yana nan, ba za ta ba kowa ba sai ka zo da ƙafarka. Shagon tela na bakin masallaci kuwa ya koma wurin cajin waya.

In ka nace sai ka yi, ga shawarata. Kada ka ci bashin banki, domin kuɗin ruwa ba ya jiran a ɗage doka. Fara da ɗaki shida zuwa takwas, ka sa sola da za ta riƙe firiza da fanka, janareta ya zama na ko-ta-kwana. Ware albashin wata uku da kuɗin mai a asusu daban tun kafin a buɗe ƙofa. A rubuta a takardar kama ɗaki cewa idan doka ta hana zuwa, rana za a sauya, ba kuɗi za a mayar ba. Ka gina lissafinka a kan 'yan gida, masu biki da suna da taron ma'aikata, don su ne ke fara dawowa. Baƙin waje in sun zo, riba ce. Ni dai a ganina filin cikin gari kusa da hanyar Rigasa ya fi maka na Kachia, ko da rabinsa ne a girma. Masu son ganin Kajuru a kai su da hantsi bayan an yi magana da masu wurin, a dawo da su kafin la'asar. Ma'aikatan kuma ka ɗauka daga unguwar, Musulmi da Kirista, su ne za su fara jin ƙishin-ƙishin su gaya maka.

Na so in tambaye ka wani abu game da karatun babban yaronka, ya kwanta mini. Ka gaishe da uwargida da yara, ka kuma kira Hajiya ranar Juma'a.

Wassalam,
Naka na Tudun Wada