A cire duka ko a rage? Abin da na gani a maƙogwaron ɗiyata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a unguwar Yelwa, Garwa, arewacin Kamaru. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku kan wata magana da ta hana gidanmu barci bara.

Ɗiyata 'yar shekara tara ta yi shekara biyu tana fama da ciwon maƙogwaro. Hunturu na kamawa sai zazzaɓi, wuya ya kumbura, yawu ma ya gagara haɗiya. In ka haska bakinta da fitilar waya, za ka ga ƙululai biyun nan na gefen maƙogwaro, waɗanda likitocinmu ke kira amigdal, sun yi jajur, da ɗigo-ɗigon mugunya a kansu. Uwar mijina ta ce hakin wuya ne, a kira wanzami ya cire beli. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, bari likita ya gani tukuna." Beli daban, amigdal daban. An yanke wa yara da yawa beli ciwon bai tafi ba, ga zubar jini, ga aska ɗaya a bakin yara da dama, hanyar da ciwon hanta ke bi.

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro bai fara da maganar wuƙa ba. Cewa ya yi, "Malama, sau nawa?" Allah ya taimake ni, sabon riƙe rajistar aji ya sa ina rubuta kowane tashin ciwon a bayan littafin awonta: shida a shekarar farko, biyar a ta biyu. Ya ce ma'aunin da likitoci ke bi kafin a cire amigdal ya samo asali daga binciken Dakta Jack Paradise a Amurka a 1984: sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku, kuma ciwo na gaske mai zazzaɓi ko mugunya, ba kaikayin mura ba. Yaron da bai kai haka ba, yawanci a jira ne, don da yawa suna samun sauƙi in sun girma.

Ɗiyata ta kai ma'aunin, sai gardama ta taso: a cire amigdal duka ko a rage? Maƙwabciyata an yi wa ɗanta aiki amma ba a cire duka ba, an rage ne kawai. Bayan kwana uku har ya fara cin tuwo. Ta ce kada in yarda a ƙwaƙule wa ɗiyata wuya. Ba ƙarya ta yi ba. In an rage, ana barin bawon da ke lulluɓe da tsokar maƙogwaro da manyan hanyoyin jini, saboda haka zafi kaɗan ne, zubar jini ma ba ta cika faruwa ba. Sai dai ɗanta minshari yake yi, numfashi na tsaya masa cikin barci saboda girman amigdal. Shi girman ne matsalarsa, an rage, hanya ta buɗe. Ɗiyata kuwa ƙwayoyin cuta ne suka yi gida a ramukan naman. In an bar saura, zai iya sake ruruwa, wani lokaci ya sake girma har a koma ɗakin tiyata. Akwai likitoci a Ingila da ke aske naman kusan ƙarƙaf su bar bawon kaɗai, har ga mai ciwon da ke dawowa, amma wannan aiki ne na na'ura ta musamman da hannun da ya saba da ita.

Mun zaɓi a cire duka, kuma ba zan ɓoye wahalarsa ba. Kusan mako biyu tana kuka da maƙogwaro da kunne. Wurin ya yi fari fat, bakin na wari, har Hajiya ta ce ya ruɓe, alhali ɓawon warkewa ne. Kunu mai sanyi da nono muke ba ta, cokali-cokali. Daren kwana na bakwai na ga jini a matashinta. An riga an gargaɗe mu cewa tsakanin kwana 5 zuwa 10, lokacin da ɓawon ke faɗuwa, jini kan ɓalle. Maigida ya ɗora mu a babur ƙarfe biyu na dare zuwa asibiti, aka tsayar da jinin. Na daɗe ina tunanin uwar da ke ƙauye mai nisa da asibiti. A wajenta wannan dare kaɗai ya isa a auna shi kafin a zaɓi aiki. Hunturun bana ɗiyata ba ta rasa aji ko sau ɗaya saboda maƙogwaro ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaran ajina da ake saya wa ƙwaya biyu a tebur a ce sun sha magani. Wata ƙwayar cutar maƙogwaro, in ba a sha penisilin kwana 10 cif ba, tana iya jawo ciwon da ke kama gaɓoɓi ya lalata ƙofofin zuciya.

Malam Edita, don Allah ku gayyato likitan maƙogwaro shafinku na lafiya kafin hunturu mai zuwa, ya yi wa iyaye bayanin ayyukan nan biyu da Hausa, ya kuma koya musu yadda za su riƙa rubuta ranakun ciwon.

Wassalam,
Wata uwa, Yelwa, Garwa