Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kan Karatun Ginin Jimla

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

A bakin kawunka na ji cewa kana neman gurbin digirin digirgir a fannin kimiyyar harshe a jami'o'in Amurka, har ka roƙi malamanka uku na Jami'ar Bayero su rubuta maka takardar shaida kafin a rufe karɓa a watan Disamba. Ashe ni da na fara nuna maka bambancin "sun zo" da "su ne suka zo" a kan tabarmar zaure, ni ne na ƙarshen ji? Na san abin da ya faru bayan bautar ƙasarka ne ya sa ka yi shiru, amma da na bar ka ka tafi a lokacin, wa zai tsaya a kan jinyar Hajiya? Ban yi nadama ba, kuma ɓoye mini da ka yi ba tarbiyyar gidan nan ba ce.

Abin da ke hana ni barci shi ne kada ka je can a mayar da kai rijiya, kowa ya zo da gugarsa. Masu nazarin ginin jimla, tun daga zamanin Chomsky, shahararren masanin harshe na Amurka, aikinsu ya dogara ne a kan kunnen ɗan harshe: za a ƙaga jimla a tambaye ka ko Bahaushe yana faɗin ta, ka amsa, wani ya zana bishiyar li'irabi, wato zanen da ke nuna yadda sassan jimlar suka haɗu, ya sa sunansa. Dubi ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934. Sunan Bature ne a bango, alhali daga bakin mutanenmu aka kwaso kalmomin. Abin da ya fi wannan muni, idan ka shekara biyar kana tunani da Turanci, kunnen nan naka zai iya dushewa, har ka amince da jimlar da ko yaro a Kurmi ba zai faɗa ba, don kawai ta dace da ra'in malaminka. Marigayi Galadanci ya je Landan ya yi nasa digirin a kan yankin suna, wato suna da kalmomin da ke raka shi a jimlar Hausa, a 1969, ya dawo ya rubuta nahawun da na koyar da shi shekara da shekaru. Irin wannan tafiyar nake so ka yi.

Saboda haka, a takardar bayanin manufarka, ka faɗi tambayar da kai kake son warwarewa, misali dalilin da ya sa "tana" ke komawa "take" da zarar an ce "me Binta take dafawa?"

Ka turo mini ita in karanta kafin ka aika, ko da Turancina ya tsufa. Kuɗin cike takardun kuma na ajiye maka daga fanshona, kada ka ci bashin kowa. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'a.

Mahaifinka.